Sukuwar Kentucky Derby: Tseren da Doki ba ya Shiga Sau Biyu

A ranar Asabar ta farko ta watan Mayun kowace shekara, jama'ar da yawansu kan kai dubu 150 suna cika filin sukuwa na Churchill Downs da ke birnin Louisville a jihar Kentucky ta Amurka, wasu miliyoyi kuma suna zaune gaban talabijin, duk domin tseren da ba ya wuce minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Dawaki ashirin ne iyakar waɗanda ake bari su shiga, nisan kuwa mil ɗaya da kwata ne, wato kimanin kilomita biyu. Tun daga 1875 ake yin wannan sukuwa da ake kira Kentucky Derby, kuma ba a taɓa tsallake shekara ba. Yaƙin duniya na biyu ya sa an ɗage ta zuwa watan Yuni a 1945, annobar korona ta tura ta zuwa Satumba a 2020, amma a duka shekarun biyu sai da aka yi ta.

Idan kuɗi ne ma'auni, da wannan sukuwa ba ta kai inda ta kai ba. Ladan da ake rabawa a cikinta dala miliyan 5 ne tun daga 2024, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki miliyan 3.1, alhali gasar kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 tana raba dala miliyan 20. Idan kuma ƙwarewar dawaki ce ma'auni, masu harkar sun san cewa doki ɗan shekara huɗu ko biyar ya fi ɗan shekara uku ƙarfi da natsuwa, kuma akwai tsere da dama da manyan dawaki ke haɗuwa a cikinsu. Duk da haka, da za a tambayi masu dawaki da masu horar da su a Amurka wane tsere ne suke fatan ci kafin su bar duniya, mafi yawansu wannan za su ambata. A ganina sirrin yana cikin doka guda wadda mai kallo daga nesa ba ya lura da ita, kuma daga dokar nan ne daɗin sukuwar ya fito, daga ita ne kuma mafi yawan illolinta suka fito.

Dokar ita ce, doki ɗan shekara uku kaɗai ke shiga. A tsarin ƙasashen da ke arewacin duniya, duk dokin tsere ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi, saboda haka dukushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Mayu sa'o'in juna ne a takarda. Ma'anar wannan ita ce kowane doki yana da rana ɗaya tak a rayuwarsa da zai iya cin wannan tsere. In zazzaɓi ya kama shi a makon, ko kofatonsa ya tsage, ko ƙuri'a ta ba shi mugun gurbi a ƙofar tashi, ko wani doki ya tare masa hanya a kwanar farko, shi ke nan, babu baɗi. Ɗan dambe da ya sha kaye yana iya neman a sake karawa, ƙungiyar ƙwallo tana da kaka mai zuwa, amma dokin da ya zo na biyu a Derby zai mutu yana na biyu. A cikin dukusan da ake yi wa rajista a Amurka da Kanada kowace shekara, waɗanda yanzu ba su kai dubu 20 ba, ashirin ne za su tsaya a ƙofar tashi, kuma tun 2013 sai doki ya tara maki a jerin wasu tsere na share fage kafin ya samu gurbi. An ware hanya ta musamman ga dawakin Japan, da wata ga na Turai da Gabas ta Tsakiya.

Wannan doka ba Amurkawa ne suka ƙirƙiro ta ba. Daga Ingila ta zo, inda aka fara sukuwar Derby ta asali a Epsom a 1780, aka sa mata sunan wani basarake mai riƙe da sarautar Derby. Manufar Turawan Ingila ita ce su gane zakaran kowane zubi na dawaki tun yana matashi, domin a san wanda ya cancanci a bar shi ya yi barbara. Tseren jarrabawa ce ta zaɓen iri, kuma har gobe haka yake, ko da ado da kiɗa sun rufe wannan gaskiya.

Irin dokin da ake kira Thoroughbred, wanda shi kaɗai ke shiga wannan tsere, nasabarsa ce shaidarsa. Kowane ɗayansu, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, za a tarar ta tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. Akwai Byerley Turk, akwai Darley Arabian da aka sayo a Halab ta ƙasar Siriya a 1704, sannan akwai Godolphin Arabian, wanda ake ruwaito cewa ya ratso ta Tunisiya da Faransa kafin ya isa Ingila. An haɗa su da goɗiyoyin Ingila, aka yi ta tace 'ya'yansu bisa gudu kawai, har aka samu doki mai dogayen ƙafafu sirara da faffaɗan ƙirji, mai nauyin kusan kilo 500, wanda ke iya gudun kilomita 60 a awa ɗauke da mutum. A 1791 aka fara buga littafin nasabar dawakin a Ingila, kuma daga baya ya zama ƙa'ida cewa dokin da iyayensa ba sa cikin rajista ba ya cikin dangi, komai gudunsa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na mazan wannan iri a yau daga Darley Arabian suka fito ta wajen uba. Shi kansa Diomed, dokin da ya ci Derby ta farko a Epsom, an sayar da shi zuwa Amurka bayan ya tsufa, kuma jininsa yana cikin Aristides, wanda ya ci ta Kentucky ta farko a 1875.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa kuɗin wannan harka ya taru a wuri guda. Hukumomin rajista ba sa karɓar dukushin da aka samu ta hanyar ɗura wa goɗiya maniyyi da na'ura, dole sai ingarma ya hau goɗiya da kansa. Saboda haka yawan goɗiyoyin da ingarma ɗaya zai iya hawa a shekara yana da iyaka, kuma mai shi yana sa kuɗi a kan kowane hawa. A nan ne darajar Derby take ta fuskar kasuwa, domin dala miliyan uku da ake ba mai nasara ba komai ba ne in aka kwatanta da abin da dokin zai kawo a barga cikin shekara goma ko ashirin. Northern Dancer, ɗan ƙaramin doki daga Kanada da ya ci tseren a 1964, ya kai matsayin da a shekarun 1980 ake biyan har dala miliyan ɗaya domin ya hau goɗiya sau ɗaya, kuma jikokinsa ne suka mamaye filayen sukuwa na Turai. Fusaichi Pegasus, wanda wani attajiri ɗan Japan ya saya dala miliyan 4 yana ɗan shekara ɗaya, ya ci tseren a 2000, aka kuma sayar da shi domin barbara a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 60. Masu kiwo sun yi imani da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a kan wannan imani ne kasuwar dukusai ta Keeneland da ke Lexington take ci kowane watan Satumba.

Sai dai nasaba ba ta cika alkawari kullum, kuma rashin cikawar tata shi ne rabin daɗin kallon. Shi Fusaichi Pegasus ɗin bai haifi 'ya'yan da suka kai kuɗin da aka zuba a kansa ba. Seattle Slew, wanda aka saya dala 17,500 kacal, ya ci Derby a 1977 ba tare da an taɓa kayar da shi ba. Mine That Bird, dandaƙaƙƙen doki da aka fara sayarwa dala 9,500, ya taso daga can baya cikin taɓo a 2009 ya bi ta jikin shinge ya wuce kowa. Na 2022 ya fi ban mamaki: Rich Strike, wanda aka saya dala dubu 30, bai samu gurbi ba sai ana gobe tsere, bayan wani doki ya janye, kuma ya zo ya kayar da dawakin manyan attajirai a 'yan mitocin ƙarshe. Dalilin da ya sa irin haka ke faruwa a nan fiye da sauran wurare a bayyane yake. Dawakin matasa ne, kusan babu wanda ya taɓa yin gudun wannan nisa a cikinsu, ba su taɓa shiga cunkoson dawaki ashirin ba, ba su kuma taɓa jin ihun mutum dubu 150 ba. In na gaba suka yi gaggawa suka ƙone ƙarfinsu tun a rabin hanya, sai na baya da ya adana numfashi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Wani lokaci kuma tseren yakan fito da dokin da ya fi ƙarfin zamaninsa. A 1973 Secretariat ya gama cikin minti 1 da daƙiƙa 59.4, kuma har yau ba a karya wannan tarihi ba. Abin da ya fi lokacin ban mamaki shi ne yadda ya yi gudun, domin kowane kwata na mil da ya yi ya fi wanda ya gabace shi sauri, alhali a al'ada doki raguwa yake yi in ya doshi ƙarshe. Bayan makonni biyar ya ci tseren Belmont da tazarar tsawon doki 31.

Al'adun da suka kewaye ranar kuwa, waɗanda baƙo zai ɗauka sun tsiro ne da kansu, mutane ne suka zauna suka gina su da niyya. Wanda ya kafa sukuwar, Meriwether Lewis Clark ƙarami, ya je Ingila da Faransa a 1872, ya ga filayen sukuwa na Epsom da Longchamp, ya dawo da burin yi wa Louisville irin nasu a kan filin da kawunnansa John da Henry Churchill suka ba shi. Mutum kusan dubu 10 ne suka halarci ta farko. Amma kafin ƙarshen ƙarnin filin ya shiga matsalar kuɗi, kuma manyan masu dawaki na New York ba su ɗauki tseren da muhimmanci ba. Wanda ya ceto shi shi ne Matt Winn, wani ɗan kasuwa da ya shiga shugabancin filin a 1902 ya kuma riƙe shi har rasuwarsa a 1949. Winn ya gane cewa talla ce za ta raya tseren, saboda haka ya jawo 'yan jarida da fitattun mutane, ya kuma yi amfani da duk labarin da ya faɗo masa, kamar nasarar Donerail da ba wanda ya zata a 1913, da ta Regret a 1915, goɗiya ta farko da ta kayar da maza. Bayanta goɗiyoyi biyu ne kawai suka sake yin haka, a 1980 da 1988. Rediyo ya fara watsa tseren a 1925, talabijin ya kai shi ko'ina a ƙasar a 1952. Bargon furannin wardi sama da 400 da ake yafa wa dokin da ya ci, da hasumiyoyi biyu da aka ɗora a kan rumfar 'yan kallo a 1895, da manyan huluna na mata, da waƙar jihar da jama'a ke rerawa lokacin da dawaki ke fitowa, duk sun taru sun mai da tseren bikin shekara, wanda mutumin da bai san linzami daga likkafa ba ma yake jin yana da rabo a ciki.

Ba na ganin aibu a ce an gina al'ada da gangan, domin kowace al'ada wani ne ya fara ta. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda aka share daga labarin lokacin da ake ginin. A tseren farko na 1875, mahaya 13 daga cikin 15 baƙar fata ne. Oliver Lewis da ya hau Aristides baƙi ne, Ansel Williamson da ya horar da dokin kuwa an haife shi cikin bauta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin kudancin Amurka, domin a gonakin masu bayi, bayin ne ke kwana a barga, su ne ke karɓar haihuwar goɗiya, su ne ke hora dukushi, su ne kuma ke hawa ranar tsere. Bayan an soke bauta ilimin yana hannunsu, kuma mahaya baƙaƙe suka ci 15 daga cikin tsere 28 na farko. Isaac Murphy ya ci sau uku, a 1884 da 1890 da 1891, kuma har yanzu ana lissafa shi cikin gwanayen mahayan da Amurka ta taɓa yi. Da kuɗi ya shigo harkar, dokokin wariyar launin fata kuma suka yi ƙarfi, sai mahaya farare suka riƙa haɗa kai suna matse baƙaƙe a jikin shinge, masu dawaki kuma suka daina ba su hawa. Jimmy Winkfield, wanda ya ci a 1901 da 1902, shi ne baƙin mahayi na ƙarshe da ya ci tseren har zuwa yau. Ya bar ƙasar ya tafi Rasha inda ya yi suna, juyin juya hali ya kore shi, ya ƙare rayuwarsa a Faransa. Daga 1921 ba a sake ganin Ba'amurke baƙar fata a kan doki a wannan tsere ba sai a shekarar 2000. Ita kanta waƙar da ake rerawa cikin shauƙi, wadda aka wallafa a 1853, kukan bawa ne da za a raba shi da gida a sayar da shi can kudu, kuma sai a 1986 majalisar jihar ta sauya kalmar cin mutuncin baƙaƙe da ke cikinta. A yau mafi yawan fitattun mahayan daga Venezuela da Panama da Puerto Rico da Meziko suke, haka ma akasarin masu share barga da wanke dawaki 'yan ci-rani ne daga kudancin nahiyar.

Ba za a yi bayanin farin jinin tseren da gaskiya ba in aka ɓoye caca, domin ita ce ke ɗauke da harkar sukuwa a Amurka gaba ɗaya. A 2024 kuɗin da aka zuba a kan wannan tsere kaɗai ya haura dala miliyan 200, kuma daga kason da filaye ke cira ne ake biyan lada a yawancin tsere na ƙasar. Mai karatu Musulmi ya san hukuncin caca, ya kuma san cewa tseren dawaki shi kansa abu ne da Musulunci ya sani tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Dubai da Riyad sun nuna ana iya shirya babbar sukuwa ba tare da tagar caca a fili ba, amma can gwamnati da masu mulki ne ke ɗaukar nauyin. Su ma ɗin idonsu yana kan Kentucky. Yarima Ahmed bin Salman na Saudiyya ya ci tseren da War Emblem a 2002, Sheikh Mohammed bin Rashid na Dubai kuwa, duk da dukiyar da ya zuba a bargarsa ta Godolphin, ya shafe fiye da shekara ashirin yana nema kafin Sovereignty ya ciyo masa a 2025.

Inda dokar shekara uku ta fi nuna illarta shi ne jikin dokin. Ƙasusuwan doki ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida, amma mai son Derby dole ya fara tsere da dukushinsa tun yana shekara biyu ko farkon ta uku, ya kuma matsa masa a watannin tara maki ko da jikinsa yana neman hutu. Likitocin dabbobi da yawa suna cewa horo tun da wuri yana ƙarfafa ƙashi in an yi shi da lissafi, kuma akwai bincike da ke goyon bayansu, amma lissafi shi ne abin da ya fi wuya ga mutumin da ke ganin damarsa ɗaya tana wucewa. Barbaro ya ci tseren a 2006, bayan mako biyu ƙafarsa ta baya ta karye a wani babban tseren da ake kira Preakness, aka yi wata takwas ana jinya kafin a haƙura a kashe shi. A 2008 goɗiya Eight Belles ta zo ta biyu, ta wuce layin ƙarshe kaɗan sai ƙafafunta biyu na gaba suka karye, aka yi mata allurar mutuwa a nan cikin fili jama'a suna kallo. An ƙwace nasarar da Medina Spirit ya yi a 2021 bayan an samu maganin kumburi da aka hana a jininsa ranar tsere, aka dakatar da mai horar da shi, Bob Baffert. A bazarar 2023 dawaki 12 suka mutu a Churchill Downs cikin 'yan makonni, har aka kwashe sauran tseren kakar zuwa wani fili.

An yi gyara, kuma adalci ne a faɗa. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a ƙarshen 2020 ta kafa hukuma guda mai kula da magunguna da lafiyar filaye, maimakon kowace jiha ta yi nata, kuma alƙaluman masu rajistar dawakin sun nuna mutuwa a fagen tsere ta ragu daga biyu cikin kowace fita dubu a 2009 zuwa 1.32 a 2023. Amma gyaran bai taɓa tushen matsalar ba, wato kasuwar da ke saka wa saurin balaga da gudu, ba ta saka wa juriya ba. Ingarman da ya ci Derby yakan bar fili yana shekara uku ko huɗu domin darajarsa a barga ta fi ƙarfin a yi kasada da ƙafarsa, sai ya haifi ɗaruruwan 'ya'ya tun kafin a san ko jikinsa mai ɗorewa ne. Justify, wanda ya ci a 2018, tsere shida kawai ya yi a duk rayuwarsa.

Wannan sauyi ya fara girgiza wata al'adar da ke jingine da Derby, wato kambin tsere uku: Derby, sai Preakness bayan mako biyu, sai Belmont bayan wasu makonni uku. Dawaki 13 ne kawai suka taɓa haɗa ukun, daga Sir Barton a 1919 zuwa Justify, kuma tsakanin Affirmed a 1978 da American Pharoah a 2015 an yi shekara 37 babu ko ɗaya. Dawakin da suka kafa wannan tarihi sun saba fita duk bayan mako biyu, na yanzu kuwa wata guda ko fiye ake ba su tsakanin tsere da tsere. Masu Rich Strike sun ƙi kai shi Preakness a 2022, Bill Mott, mai horar da Sovereignty, ma ya ƙi kai shi a 2025, ya huta da shi makonni biyar sannan ya je ya ci Belmont. Masu kishin al'ada sun ji haushi, suna cewa in aka tsawaita tazarar, duk wanda ya haɗa ukun nan gaba ba za a jera shi da Secretariat ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ni ina tare da masu neman a tsawaita, domin jadawalin da masu horarwa suka fara gudu saboda tsoron ƙafar dokinsu ya riga ya daina auna abin da aka kafa shi ya auna. Derby ita kanta an taɓa rage mata nisa daga mil ɗaya da rabi zuwa mil ɗaya da kwata a 1896, saboda masu dawaki sun ce nisan ya yi wa ɗan shekara uku yawa a farkon bazara, kuma duk tarihin da ake alfahari da shi a yau a kan sabon nisan aka kafa shi.